Yajin Inna a Baƙar Kwalba

Shafi na 19

Masu aiko min saƙo wai na bar Rekiya a titin Shiling na tafi yawona, ku yi haƙuri, wayata ce ta faɗa ruwa. Ga ta nan na dawo muku da ita. Wanda ya shigo yau kuma barka da zuwa, matso kusa ka ji. Hajiya Rekiya 'yar kasuwa ce daga Kano, jakunkunan mata take sarowa a Guangzhou. Ladidi ƙawarta ce ta ƙuruciya kuma abokiyar tafiyarta, Kirista ce 'yar asalin Kafur, amma a gidan da ke jikin na su Rekiya ta tashi a Birget. Izzuddeen kuwa autan su Rekiya ne, yana digiri na biyu kan sarrafa abinci a nan garin.

*

Suna shiga ɗakin otal wayar Rekiya ta fara kiran sallar la'asar.

Ko mayafi ba ta cire ba ta wuce ta ɗauro alwala. Ladidi ta zube a bakin gado, ta tuɓe takalmi tana matsa ƙafa.

"Matar nan in ta riƙe mutum da surutu sai ƙafarsa ta kumbura."

"Ke kika biye mata," in ji Rekiya tana shimfiɗa sallaya. "Ni tunda ta ce meyo, babu kalar da nake nema, ai miƙewa na yi."

Madam Fang suke nufi, mai masana'antar da suke sarin jaka a wurinta. Ba ta taɓa barinsu su tafi hannu rabbana ba. Wani zuwan ganyen shayi, wani zuwan biskit. Yau kuwa wani ɗan kwali ta miƙo, kwalba biyu a ciki, tana dariya tana cewa sabuwar giya ce da samarin gari ke yayi, wai har da yajin Afirka a cikinta. Rekiya ta ce shishe, ta gode, ko taɓa kwalin ba ta yi ba, ta nuna mata Ladidi da baki.

Tsakaninsu akwai ƙa'ida tun zuwansu na farko. Ladidi ba mashayiya ba ce, amma in ta samu takan taɓa. Ba ta sha a ɗaki, ba ta sha a kofin da suke shan shayi. Don haka da Rekiya ta tayar da salla, sai ta ɗauki kwalba ɗaya da nata tambulan ta fita baranda, ta ja ƙofar gilas ta rufe.

Ba a daɗe da ɗauke ruwa ba. Ƙasa ana ta tura kaya a baro, masu babur ɗin lantarki suna ratsa mutane ba ko ƙara.

Ladidi ta ɓalle murfin ta karkata tambulan.

Abin ya zubo a hankali, baƙi ƙirin, da kauri kamar baƙin mai. Kumfa ta taso a sama ruwan ƙasa, ta zauna ba ta da niyyar sauka. Ta ɗaga tambulan ta saitin rana, ko ɗigon haske bai ratsa ba.

"To fa," ta ce ita kaɗai. "Ke kuma daga ina?"

Ta kurɓa kaɗan.

Ɗaci ne ya fara gaishe ta, irin na ƙanzon da ya kama tukunya. Kafin ta yamutsa fuska sai zaƙin cakuleti ya biyo, mai nauyi, ba irin na alewar yara ba. Ta haɗiye. Ta ji ɗumi ya gangara ƙirjinta ya bazu. Nan ta san wannan ba ta wasa ba ce, kwalba ɗaya ta ishi mutum biyu.

Har za ta ajiye, sai barkono ya taso.

Bai zo da faɗa ba. Daga can ƙasan maƙogwaro ya fara, yana hawowa sannu a hankali. A bayansa kuma wani abu ya kama gefen harshenta yana yi mata zir-zir, ga wani ƙamshin hayaƙi da ya fito ta hanci.

Ladidi ta tsaya cak.

Ta sake kurɓa, wannan karon ta bar shi a baki ya jima. Ta rufe ido. Baranda ta ɓace mata. Ta ga tsakar gida da sassafe, ta ga murhu, ta ga yara biyu a tsugune da kofin silba suna jiran shayi ya huce.

Ta buɗe ido ta dubi kwalbar da kyau. Rubutun duk na Sinanci ne. Amma a tsakiya an zana turmi da taɓarya, a ƙasansu da ƙananan baƙaƙe an rubuta TURMI.

Ta jira sai da Rekiya ta shafa addu'a, sannan ta ƙwanƙwasa gilas.

"Rekiya, zo."

"In zo in yi me? Sha abinki ki wanke baki."

"Don Allah zo. Ba sha za ki yi ba."

Muryar ce ta sa Rekiya ta taso. Ta zuge ƙofar, ta tsaya daga ciki.

"Lafiya?"

"Shinshina kawai."

"A'uzubillahi. Ladidi, har ta fara hawa miki kai?"

"Tun muna yara na taɓa kawo miki abin nan kusa da fuska?"

Gaskiya ne, ba ta taɓa ba.

Rekiya ta ɗan sunkuyo, hannayenta a baya, ta ja numfashi sau ɗaya. Ta ɗago da sauri tana toshe hanci.

"Warin giya ne, me kike so in ji?"

"Ki bar na saman. Sake."

Ta sake. Wannan karon ba ta ɗago da wuri ba.

"Kimba," ta ce a hankali.

"Sai me?"

"Kanumfari. Masoro."

"Kowa yana da waɗannan. Kimbar nan gasa ta aka yi, Rekiya, sai da ta kusa ƙonewa. Kuma harshena yana zir-zir. Fasaƙwari ne. Wa kika sani yake gasa kimba ya haɗa ta da fasaƙwari ya daka wa shayi?"

Rekiya ta nemi bakin gado ta zauna.

Mutum ɗaya ce. Innar su Rekiya. Duk Birget an san yajin shayin Inna Saffana, masu jego har aike suke yi a sam musu. Da hannunta take dakawa, ba ta yarda a kai inji, ta ce inji yana kashe ƙamshi.

"Ƙila wani ne ya kwaikwaya," in ji Rekiya. Ita kanta ba ta yarda da maganar ba.

"A Guangzhou?"



"Da farko cikin robar man shafawa kika kawo wa Izzu yajin nan," Ladidi ta ci gaba. "Na gaba ya ce gwangwanin madara. Wannan zuwan fa? Ni na kama miki bokiti a filin jirgi."

"Ya ce abokan karatunsa ne suke so."

"Ya kuma ce kada a sa sukari, kada a sa gero."

"Ya ce sun fi son shi zalla."

Ladidi ta juya kwalbar ta nuna mata zanen turmin.

Rekiya ta daɗe tana kallo. Ta tuna Inna a zaune kan kujera 'yar tsugunno, tana daka tana hutawa saboda kafaɗa, tana cewa, yaron nan sanyi zai kashe min shi a ƙasar mutane, bari in ƙara masa citta.

"Ɗauki hoton rubutun nan na ƙasa," ta ce. "Wayarki ta fassara mana. In akwai adireshi, kira mana mota."

"Ba za ki kira shi a waya ba?"

"In na kira shi zai shirya min amsa. So nake in gani."

*

Motar ta sauke su a bakin wani lungu bayan gada, inda tsofaffin masana'antu suke. Ta gaba an gyara wurin an mai da shi mashaya, an sa tebura da fitilu, wata yarinya tana goge kofuna, ba a buɗe ba tukuna.

Rekiya ta tsaya a titi.

"Ni ba zan shiga nan ba."

"To mu zaga ta baya."

Ta baya wata 'yar farfajiya ce da rumfar kwano. Buhuna a jere a jikin bango. Iska cike da ƙamshi kamar ana dama kunun zaƙi. Ta ƙofa ana hango manyan tankuna na ƙarfe suna sheƙi.

A kan wani benci Rekiya ta ga bokitinta. Shuɗi, da tsumman atamfar da Inna ta ɗaure murfin da shi. An kwance ɗaurin.

Sai ga Izzuddeen ya fito yana turo baro cike da dusa mai tururi. Dogon takalmin roba, rigar leda a gaba, hular sanyi a ka.

Ya ɗago ya gan su.

Bai saki baron ba. Ya sauke shi a hankali, ya goge hannu a jikin rigar.

"Yaya."

"Na'am, Izzuddeen."

Tunda ta kira sunan a cike ya san babu sauƙi. Izzu take ce masa, in tana cikin nishaɗi ta ce autan Inna.

"Anti Ladidi, ina wuni."

"Lafiya lau, Izzu. Ya aiki?"

Ya jawo kujerun roba biyu ya goge da hannun riga. Rekiya ta zauna ta tattare mayafinta a cinya. Shi kuma ya tsuguna a gabanta kamar yadda yake yi a gida.

"Cewa ka yi kana laburare yau."

"Da safe na je."

"Yanzu kuma kana ina?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ba faɗa na zo yi ba," ta ce. "Ka ga ko muryata ban ɗaga ba. Tambaya zan yi maka, ka ba ni amsa yadda take. Kana sha?"

"Wallahi Yaya ban taɓa sha ba."

"Ɗago ka dube ni."

Ya ɗago.

"Ban taɓa ba. Ko ɗigo."

"Mai dafa miya ba ya ɗanɗanawa?"

"Ina ɗanɗana ruwan sha'ir ɗin tun yana zaƙi, kafin a zuba masa yis. A lokacin bai zama giya ba, kamar kunu yake. Da zarar an zuba yis na cire bakina. Daga nan sai hanci da na'ura. Lin ne yake ɗanɗanawa."

"Waye Lin?"

"Mai wurin."

Rekiya ta gyaɗa kai. Idonta ya kai kan wani ɗan kanta a jikin bango. Sallaya ce a naɗe, da buta a ƙasa.

"A nan kake salla?"

"A nan waje, ba ciki ba."

"Allah Sarki."

Yadda ta faɗa, da mari ta yi masa da ya fi masa sauƙi.

"Yaya, bari in faɗa miki yadda aka yi."

"Ina ji."

"Bincikena a makaranta kan lemon malt ne. Wanda za a yi shi da kauri da ɗanɗano irin na manya, amma babu giya ko kaɗan. Ki duba garinmu, Yaya. A biki, a suna, a buɗa-baki, me ake ba mutane? Ruwan sukari mai kala. Ni so nake in yi abin da dattijo zai zauna ya sha a hankali ya ji ya sha abu. Da dawarmu, da kayan yajinmu."

"To?"

"Tukunyar makaranta ƙarama ce, kuma layi ake bi. Malamina ne ya haɗa ni da Lin, ya ce yana da ƙaramin tanki da ba ya amfani da shi. Ya ba ni kyauta. Ran nan ana sanyi na dafa shayi a nan, na sa yajin Inna. Ya ji ƙamshi ya ce in sam masa. Yana sha ya ajiye kofi ya ce, wannan yake nema. Ya daɗe yana son yin baƙar giya da cakuleti da barkono, duk barkonon da ya gwada sai ya danne cakuletin. Na Inna ne bai danne ba."

"Ai ba ya dannewa," Ladidi ta ce. "Bi yake daga baya."

Rekiya ta juyo ta dube ta. Ladidi ta kama bakinta.

"Ya roƙe ni cokali kaɗan na gwaji," in ji Izzuddeen. "Na ji kunyar hana shi. Mutumin da ya ba ni tanki, ya ba ni wuta da ruwa, bai taɓa tambayata komai ba. Na ce sau ɗaya ne. Sai abin ya karɓu. Mutane suka riƙa zuwa daga nesa suna tambaya."

"Sai cokali ya zama bokiti."

"Eh."

Ruwan da ya taru a kan kwano yana ɗiga ɗaya bayan ɗaya. Can cikin tankuna wani abu yana huci a hankali.

"Izzuddeen, ka fi ni karatu, na boko da na addini. Da aka yi maganar giya, mai sha kaɗai aka ambata?"

"A'a."

"Su wa da wa?"

"Da mai yi. Da mai ɗauka. Da mai sayarwa."

"Ka sani ashe."

"Na sani, Yaya. Kullum da shi nake kwana."

"Naka tsakaninka da Ubangijinka ne, kai ba yaro ba ne. Ni abin da ya kawo ni daban. Ka san Inna ba ta iya ɗaga hannun dama sama yanzu?"

Ya dube ta.

"Ba ka sani ba, don ta hana a faɗa maka. Bokitin nan da hagu ta daka shi. Na ce a kai inji, ta ce na autanta ba ya zuwa inji. Tana daka tana yi maka addu'a, kowace taɓarya da bismillah. Ni kuma na ɗauko shi a ka kamar wata mai hankali, ina faɗa da ma'aikatan jirgi a kan nauyi. Ka sa hannunta a cikin abin da ko sunansa ba ta faɗa a bakinta. Ka sa nawa. Ba ka tambaye mu ba."

Hawaye ya taru masa. Bai share ba.

"Na yi niyyar dainawa in nawa ya kammala."

"Kowa haka yake cewa."

"Ya kammala, Yaya. Satin nan."

Ya matso kusa da ita.

"Don Allah ki bari in kawo miki. Ko ba za ki yafe min ba, ki ji abin da na yi. Ban taɓa ba wani Bahaushe ya ɗanɗana ba. Ke nake jira, na rasa ta inda zan fara."

"Daga tankin giya za ka ɗebo min?"

"Tankina daban, bututuna daban. Ni nake wankewa da hannuna. Yis bai taɓa shiga cikinsa ba."

Bai jira ta amsa ba, ya shiga ciki. Ladidi ta matso da kujerarta.

"Yaron nan bai lalace ba, Rekiya."

"Ban ce ya lalace ba."

"Kunya ce ta ja shi. Kin san halin gidanku, ba ku iya cewa a'a ba. Ke ba haka kika karɓi jakunkuna masu kalar ganye ba, don kar ran Madam Fang ya ɓaci?"

"Jaka kike haɗawa da giya?"

"Ban haɗa ba. Hali nake faɗa miki."

Ya dawo da ƙaramin jug da kofuna biyu na takarda. Ya zuba. Shi ma baƙi ne, shi ma da kumfa ruwan ƙasa. A ido ba ka raba su da na kwalbar.

Rekiya ba ta miƙa hannu ba.

"Kawo in fara," in ji Ladidi. "Kakata burkutu take dafawa a Kafur. In akwai ko ƙamshinta a ciki zan sani."

Ta kurɓa, ta juya shi a baki, ta haɗiye. Ta jira. Ta sake.

"Babu. Waccan tana sauka ƙirji da wuta. Wannan lafiya lau ya wuce." Ta lashe leɓe. "Kai Izzu, amma ka iya. Wallahi ba don kar yayarka ta harare ni ba, da na ce ya fi na laoban ɗinka, mai gidan nan."

Izzuddeen ya miƙa wa Rekiya ɗaya kofin da hannu biyu.

Ta dube shi. Ta dubi kofin.

"Ba don Ladidi ta faɗa zan sha ba. Maganarka zan sha. Ka ce babu?"

"Babu, Yaya."

"Bismillah."

Ta kurɓa.

Sanyi ta fara ji, da ɗan ɗaci irin na gasasshiyar dawa. Sai cakuleti ya cika mata baki, mai kauri, zaƙinsa daidai. Ta haɗiye tana shirin cewa ba laifi.

Sai yajin ya iso.

Ya taso mata daga maƙogwaro sannu a hankali, kimba da hayaƙinta, citta da ɗuminta, fasaƙwari yana taɓa gefen harshe. Kamar Inna ce ta shigo farfajiyar ta dafa kafaɗarta.

Ta juyar da kai gefe, ta sa bakin mayafi ta goge ido.

"Yaya?"

"Barkonon ya ɗan yi yawa," ta ce. "Dattijai ba za su iya ba. Ka rage."

Ya yi dariya cikin hawaye. Ita ma ta kusa yi.

Ta ƙara kurɓa, ta riƙe kofin a cinya da hannu biyu.

"Ga yadda za a yi. Bokitin nan ba zai sake shiga waccan tukunyar ba, ko tsinke ɗaya. Ka faɗa wa mutuminka da bakinka, cikin mutunci, tunda ya yi maka alheri. In ya ce ka bar masa tankinsa, ka bar masa. Allah zai ba ka wani."

"To, Yaya."

"Inna kuma ba zan faɗa mata ba. Ba don kai ba, don ita. Amma ran da ka koma gida, kai za ka durƙusa ka nemi gafararta, ko ba ka faɗi dalili ba."

"Na yi alkawari."

"Akwai sauran abin da ban sani ba? Faɗa min yanzu, tunda muna zaune."

Ya buɗe baki.

Kafin ya yi magana sai ga babur ɗin lantarki ya shigo farfajiyar. Wani gajeren mutum mai fara'a ya sauko, gashinsa a ɗaure ta baya, ledar mangwaro a hannu. Yana ganin baƙi ya washe baki.

"Nihau, nihau!" ya gaishe su.

Izzuddeen ya miƙe da sauri ya tare shi, yana yi masa magana da Sinanci ƙasa-ƙasa. Mutumin bai ko saurare shi ba. Ya leƙo ta gefensa ya nuna Rekiya.

"Yayarka? Babbar laoban ta Kano?"

Da guntun Turancin kasuwa yake magana, irin wanda Rekiya ta saba ciniki da shi. Ta gane wannan ne Lin. Ya ajiye ledar mangwaron a gabanta, ya haɗa hannaye yana rusunawa.

"Shishe, madam, shishe! Na daɗe ina son in gode miki. Yaji, mai kyau sosai. Kwantena kuma, kin taimake ni ƙwarai."

Rekiya ta ɗan karkata kai.

"Wace kwantena?"

"Taki mana! Huangpu!" Ya nuna gabas da hannu, wajen tashar jiragen ruwa. "Wani mai otal a Abuja yana son gwaji, katan ashirin kacal. Kamfanin jirgi sun ce ya yi kaɗan. Izu ya ce ba matsala, kwantenar yayata akwai wuri a baya."

Ladidi ta ajiye kofinta a ƙasa.

Kwantena ɗaya Rekiya take da ita a bana. Kayan salla ne, jakunkuna da takalma da ta yi oda ta waya tun tana gida. Izzuddeen ne ya tsaya aka yi lodi kafin su iso, don shi ke jin yaren ma'aikatan sito. Sunanta ne a takardun. Daga Legas kuma ba a buɗe ta sai a ƙofar shagonta a Kwari, a gaban 'yan dako da maƙwabta da duk wanda ya zo wucewa.

Lin ya dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Murmushinsa ya fara raguwa.

Rekiya ba ta tashi ba. Ba ta saki kofin ba. Muryarta ma ba ta canja ba.

"Izzuddeen."

"Na'am."

"Wanne ka saka min a ciki? Irin wanda na sha, ko irin na Ladidi?"

Ya tsaya, hannayensa a jikin rigar leda, idonsa a kan takalminsa.

"Da kai nake."

"Mai giyar ne, Yaya."

"Kira ejan ɗin kwantenar yanzu. A sauke ta."

Bai ko ciro wayarsa ba.

"Jirgin ya tashi tun shekaranjiya."